Dokin Ƙofar Goggo Nhan

"Dalisay, tsaya! Kar ki shigo!"

Yaya Khoa ne ya daka min tsawa daga kan matakala, amma aikin gama ya riga ya gama. Ƙafata ta tsallake dokin ƙofa, ina rungume da kwandon lemu, sai murmushi nake zabgawa kamar wadda aka yi wa albishir.

Mahaifiyarsa, Goggo Nhan, tana tsaye gaban teburin tunawa da kakanninsu da turaren tsinke uku a hannu. Ta kalli fuskata, ta kalli ƙafata, turaren ya suɓuce ya faɗi.

"Wa ya aiko ki?"

"Goggo, barka da sabuwar shekara... Tuyet ce ta ce in yi sammako, wai za ki ji daɗi in na riga kowa."

"Na shiga uku ni Nhan! Ubanta ko wata biyar bai yi a ƙasa ba, ta zo ta buɗe min shekara da ƙafar makoki!"

Sai a lokacin na ji sanyin Hanoi ya ratsa ni har ƙashi. A safiyar Tet, wato ranar farko ta sabuwar shekararsu, duk wanda ya fara taka gida shi ne ke ɗauke da sa'ar mutanen gidan ta shekara guda. Zaɓarsa ake yi, a duba shekarar haihuwarsa, mai makoki kuwa ko gaisuwa ba ya zuwa. Duk unguwar an san haka, ban da ni.

Ina juyawa sai ga Kawu Doan, wanda aka zaɓa, ya sha kwat da jan lakataye, yana tsaye a bayana baki buɗe. Minti uku kacal na riga shi.

Tuyet ta leƙo daga shagon gyaran gashinta da ke maƙwabtaka, ta dafe ƙirji.

"Ni? Yaushe muka yi haka da ke? Haba ƙawata, ki ji tsoron Allah!"

"Fita," in ji Goggo. "Kada ƙafarki ta sake taka min gida."

"Inna, ba ta sani ba..." in ji Yaya Khoa.

"Kai kuma rufe min baki!"

Na ajiye kwandon a waje, na tafi. Ban yi kuka ba sai da na kai bakin lungu.

Shekara biyu kafin nan na baro garinmu Batangas na tsallako teku na zo Hanoi koyar da Turanci. Wata shida ban san kowa ba sai ɗalibaina da bangon ɗakina. Wata rana da la'asar ruwan sama ya kora ni ƙarƙashin rumfar mashayar Goggo Nhan, wadda ita ce gaban gidansu. Tsofaffi sun jeru kan ƙananan kujerun roba, ga kofunan giya, ga ɓawon dafaffiyar gyaɗa ko'ina.

"Yarinya, shekarunki nawa?" Abin da Kawu Doan ya fara tambayata ke nan, ko sunana bai nema ba.

"Ashirin da shida, Kawu."

"To Khoa ya girme ki da uku, yayanki ne. Kai Khoa! Kawo wa ƙanwarka kujera!"

Ya kawo wata ja mai tsagaggiyar ƙafa, duk sauran shuɗaye ne. Da na ce ba na shan giya, aka kwashe da dariya, shi kuwa ya shiga ciki ya matso min lemun tsami da sukari. Tun daga ranar kujerar ta zama tawa. In suka ɗaga kofuna suna "Ɗaya, biyu, uku, sha!" ni ma sai in ɗaga ruwan lemuna, har na fi su ƙarfin murya.

A kan kujerar nan na koyi yarensu, da zagin wasansu, da yadda ake ciniki da mai kifi. A kanta nake ranar da aka kira ni aka ce Babana ya rasu. Goggo ce ta rufe mashayar da rana tsaka, ta rungume ni tana shafa bayana tana cewa "'yata, 'yata". A ranar ne kuma Yaya Khoa ya kai ni filin jirgi a babur ɗinsa, ya ce, "Ki dawo, ƙanwata. In ba ki dawo ba zan biyo ki."

Na dawo. Tuyet, wadda ta daɗe tana ɗinka rigar aure a zuciyarta saboda shi, ta ƙara shige min, har kitso take min kyauta. Ashe dai ba duk mai yi maka dariya ne masoyi ba.

Bayan abin da ya faru, kullum Yaya Khoa yana ƙofar makarantarmu lokacin tashi.

"Hau in kai ki gida."

"A'a, Yaya."

"Dalisay, sanyin idona, ki dube ni mana! Ni na kore ki?"

"Kai kaɗai gare ta. Ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba."

"To ni in shiga ina?"

Sai in wuce, shi kuma ya biyo ni a hankali da babur har ƙofar gidanmu. Allah ya sani, kowane taku ji nake kamar in juya in faɗa jikinsa.

Na canza hanya don kada in bi ta lungunsu, amma da la'asar ta yi sai ƙafafuna su ci amanata. In tsaya bayan mai sayar da furanni a tsallaken titi, in ji ihun "Ɗaya, biyu, uku!" Kujerata tana rataye a ƙusa jikin bango, ba mai zama a kai. Na yi kewarsu har abinci ya daina yi min ɗanɗano.

A wata na shida Goggo ta zame a ruwan damina ta karya ƙugu. Unguwa ta ɗauka: ƙafar malamar nan ce! Har ni kaina na fara yarda.

Kawu Doan ne ya tare ni a kasuwa.

"Ba ta cin komai, yarinya. Ta rame kamar tsinken cin abinci."

Washegari da safe na dafa faten shinkafa irin na Babana, da kaza da citta da soyayyiyar tafarnuwa, na zuba a kula. Na tsaya nesa da ƙofar na miƙa masa.

"Kawu, ka ce matarka ce ta dafa."

"Matata? Lallai kina son a kama ni da ƙarya!"

Ya dai karɓa. Kwana sittin da ɗaya ina kawowa, ko ana ruwa ko ana rana, kular kuma tana dawowa wankakkiya. Ko sau ɗaya ban matsa kusa da dokin ƙofar ba.

Goggo ta miƙe, ta fara takawa da sanda. Ba ta aiko ba, ni ma ban je ba. Da shekara ta zo ƙarewa makaranta ta tambaye ni ko zan sabunta aikina, na ce a'a. Na sayi tikitin komawa gida na kwana huɗu bayan Tet. Da na gaya wa Yaya Khoa sai idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

Saura kwana biyu Tet, ina ɗaure kaya da hantsi, na ji ana kwaɗa min kira daga titi.

"Ke Malama! Sauko! Ko so kike gurguwa ta hau bene hawa huɗu?"

Na leƙa. Goggo ce a bayan babur ɗin ɗanta, da sandarta a cinya. Ban san yadda na sauko ba.

"Goggo, ina kwana... ya jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi, tunda matar Doan ta koyi girki da tsufanta." Ta harare ni. "Shekara talatin ina cin abincin matar nan, ko ruwan zafi ta dafa sai ya yi ƙauri. Tun cokalin farko na san hannun da ya yi shi."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan takalmina.

"Tuyet ta zo duba ni sau biyu, duka ranar da Khoa yake gida. Ina kwance ba abin yi sai tunani, na gane wa ya aiko ki. Amma al'ada al'ada ce, mu makokin uba shekara uku muke yi." Ta gyara zama. "Ku a garinku nawa ne?"

"Shekara ɗaya, Goggo. Tun watan tara 'yan gidanmu suka cire baƙaƙen kaya."

"Uban naki ɗan Hanoi ne?"

"A'a..."

"To da wane dalili zan ɗora masa dokar Hanoi? Makokinki ya ƙare!" Ta buga sandar a ƙasa. "Jibi da sassafe nake son ganinki. Na gaya wa Doan ya yi barcinsa."

"Goggo, in wani abu ya sake faruwa fa? Za a ce..."

"A ce! Santsi ne ya kayar da ni, ƙafarki kuwa wata biyu tana kawo min abin da ya tashe ni. Kai kuma ja mu tafi, ka tsaya kana kallon yarinya kamar ba ka taɓa ganin mace ba!"

Safiyar Tet ana yayyafi. Na tsaya gaban ƙofar da kwandon lemu. Tuyet ta ɗaga labulen shagonta, ta sake shi. Kawu Doan bai yi barcin ba, yana can gefe da kwat ɗinsa, ya tare bakin lungu kada wani ya riga ni.

A ciki, an sauke jar kujerar daga ƙusa, an ɗaure tsagaggiyar ƙafarta da sabuwar waya. Yaya Khoa yana tsaye kusa da ita, ya miƙo min hannu.

"Tikitin fa, ƙanwata?"

"Yana nan... Mahaifiyata tana jira."

"To ki nemo na biyu. Inna ta ce ba a neman aure ta waya."

"Za ki shigo ko sai shekarar ta ƙare?" Goggo ta faɗa, tana share ido da gefen gyalenta. "Shigo, 'yata!"

Na ɗaga ƙafata ta dama, na tsallake.