Ƙoƙon da Peniasi Ya Ƙi Karɓa

"Ƙoƙo ɗaya fa, Peni! Ɗaya tak!"

Torika ta dire littattafanta a kan bencin da ke bayan ɗakin karatun jami'a, idanunta sun kaɗa. Peniasi bai ɗago ba.

"Ni ba ni da ƙoƙo ɗaya, masoyiyata. Kin sani."

Ta sani kuwa. Haka ɗalibai suke yi a Suva, babban birnin ƙasar Fiji: a zauna a sha yangona, jiƙon wata saiwa da ake sha a al'adance, har harshe ya mutu, sai wani ya ce a je a wanke maƙogwaro da giya. Wasu su wanke su tashi lafiya. Peniasi wankin nan ne ya cinye masa zango guda na karatu, ya kwantar da shi a asibiti. Wata bakwai ke nan bai taɓa ko ɗaya ba, don ya gane yangona ce ke buɗe wa giya ƙofa.

Ga shi ranar Asabar danginsa za su je ƙauyen su Torika neman aurenta, kuma ba a taɓa yin baƙon da ya zauna gaban mahaifinta ya ƙi ƙoƙon yangonar da aka miƙo masa ba.

"To ka ce fasto ne ya sa ku azumi. Baba ba ya ja da fasto."

"In shiga gidanku da ƙarya a baki?"

"Ka fi so ka shiga da cin fuska? Ko ka ce masa mashayi ne ya zo neman 'yarsa?" Muryarta ta karye. "Peni... in ya ce a'a, na shiga uku. Ba zan iya tsallake maganarsa ba!"

Ya riƙe hannunta. Ƙaryar ƙarama ce, ya sani. Amma da irinta ya riƙa lallashin kansa a da, har ta kai shi inda ta kai shi.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gidan su Torika. Maza, kowa ɗaure da zane bisa al'adar ƙasar, suka kewaye akushin yangona, mata suka zauna can baya, Torika a cikinsu. Kawu Ilaitia, ƙanen mahaifiyar Peniasi kuma mai magana da yawunsu, ya zungure shi.

"Kai ɗan boko, gyara zanenka. Gwiwarka sai kallon surukinka take yi."

Baba Sakiusa, mahaifin Torika, ya tafa sau ɗaya kamar yadda ake yi kafin a karɓa, ya karɓi ƙoƙon kwakwa ya shanye. Kawu ma haka. Sai ƙoƙon ya iso gaban Peniasi. Ƙamshin ƙasa-ƙasan nan ya daki hancinsa, yawu ya cika masa baki.

Bai tafa ba.

"Tafa mana!" Kawu ya raɗa masa. "Ko hannun ya shanye ne?"

Peniasi ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Baba, ka gafarce ni. Ba raini ba ne. In na sha wannan, ba a nan zan tsaya ba... Giya ta taɓa kayar da ni, ta nan take shigo mini. Na rantse na bar su duka biyun."

Daga can baya aka ji wata ta ja numfashi.

"A gidana?" in ji Baba Sakiusa. "A gaban mutanena?"

"Gara ka ji daga bakina, Baba, da ka gani a fuskar 'yarka wata rana."

Tsohon ya dube shi.

"Tun yaushe ka bari?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai! Ai jariri ne, ko rarrafe bai iya ba." Ya juya. "Ilaitia, shanye masa, kada ƙoƙon ya koma cike."

"Da ma abin da ya kawo ni ke nan," in ji Kawu, yana tafawa da sauri. Wasu suka yi dariya, Baba bai yi ba.

Da Kawu ya ciro tambuwa, haƙorin ƙaton kifin teku da ake miƙawa a neman aure, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Mayar da ita jaka. Ban karɓa ba, ban kuma ƙi ba. Ranar da ya gama jami'a, in har bakinsa a bushe yake, ku dawo da ita. In ya jiƙa shi, kada in ga ƙafarku."

Wata tara ke nan. Peniasi ya amsa, "Na ji, Baba. Zan dawo."

Sai muryar Torika ta taso daga wurin mata, inda ba a saba jin murya ba, tana rawa saboda kuka.

"Ni ma na ji, Baba! Zan jira shi!"

Gwaggonta ta make mata cinya. Baba Sakiusa ya yi kamar bai ji ba, ya dubi mai rabon ƙoƙo.

"Me kake kallo? Je ka fasa wa surukin... wa baƙon nan ɗanyar kwakwa. Ba a zama a gidana da ƙishirwa."