Idon da Aka Ba Mantau a Dajin Dakwara

Ku matso, ku rage murya. Kun san Baba Mantau, mai zama a bakin gari yana kallon nesa? Ba haka aka haife shi ba.

Da can ƙaro yake ɗiba a dajin dakwara. Masu wannan sana'a dokarsu ɗaya ce: bishiyar da ɗan ƙaramin shaho ya yi sheƙa a kai, ba a taɓa ta. Wata shekara rumbu ya ƙare da wuri, ga jaririyarsa Ladidi a goye. Sai ya tarar da wata bishiya ta yi ƙaro dunƙul-dunƙul, sheƙa na samanta. Ya waiga, ba kowa. Ya janyo reshe. Ƙwai biyu suka faɗo, suka fashe.

Tsakar rana ce. Kukan kurciya ya ɗauke.

Can ya ga wani ɗan tsoho tsugune bisa kututture, rigarsa ruwan toka. Mantau ya yi sallama, ba amsa. Tsohon ba ya ƙiftawa. Mantau ya kai ido ƙasa. Yatsun ƙafar tsohon uku gaba, ɗaya baya, sun damƙe itacen.

"Ba ka ga sheƙar ba ne, ɗana?"

"Ban gani ba, Baba."

Ƙarya ya yi, ya gani.

"Ayya. Ashe idonka ne ba kyau. Karɓi nawa."

Ya hura masa iska a fuska. Mantau ya yar da buhun ƙaronsa ya ruga.

Tun daga bakin daji ya hango matarsa Tasalla tana daka, har zaren da ya tsinke a zanenta. Ya yi hamdala, ya ce ya tsira. Amma yana matsowa tana dusashewa. Da ta miƙa masa Ladidi, ya ji nauyinta, ya ji ɗuminta. Bai ga komai ba sai hayaƙi.

An yi rubutu, an yi turare, ba sauƙi. Ya koma dajin neman gafara, ya tarar bishiyar ta bushe.

Ladidi ta girma yanzu. Duk Juma'a takan taka har ƙarshen gonaki, ta tsaya ta ɗaga hannu, don ubanta ya ga fuskarta. Yana ganin har hawayenta. In ta dawo ta riƙe hannunsa, sai ta ɓace masa.

To, kada wanda ya shiga dajin nan shi kaɗai. In kuma an tambaye ku abin da kuka gani, ku faɗi gaskiya.