Sai an Taɓa Ƙasa

A filin tseren motocin rimot da ke gindin dutse, bayan garin Kazaure, Kyari ya fara ganin Ma'u. Yana tsugune yana goge tayoyin 'yar motarsa da burushi, ita kuwa ta kawo wa yayanta abinci. Ta sunkuya ta taɓa ƙasa da bayan hannu.

"Malam, da safe ka gwada tayoyin nan ko? Ƙasa ta ɗau zafi yanzu. Masu laushin nan za su cinye tun ba a je ko'ina ba."

"Ke kuma ina kika sani?"

"Mai shanyar gyaɗa kake tambaya zafin ƙasa?"

Bai ji ba, kun san maza. A zagaye na huɗu motar ta kwashi santsi ta kife a kwana. Da la'asar ya roƙi lambarta wajen yayan, ya tura saƙo: "Malama Ma'u, na sha kaye, kuma na cancanta. Ran Asabar zan sa masu tauri, in za ki zo ki taɓa min ƙasa."

Ta amsa: "Zan zo, Sarkin Taurin Kai."

Wasa-wasa so ya kama su. Sai dai mahaifinta, Malam Muhammadu Lawal, direban motar haya a hanyar Babura, ya ce atafau. "Ƙato da gemu yana wasan yara? Ba zan ba shi 'yata ba." Ma'u ta sha kuka, abin tausayi, har ta rame.

Ran nan da azahar Kyari ya tarar da mahaifin nata a tasha yana rage wa tayoyinsa iska saboda zafin kwalta. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, a gafarce ni, kada a rage. In iska ta yi kaɗan taya lanƙwashewa take, ta ƙara zafi, ta fashe. Da sassafe ake auna ta, tana da sanyi."

Dattijon ya harare shi, amma ya janye hannu, don taya uku ya fasa a bazarar nan. Wata biyu cur ba wadda ta sake fashewa, sai ya aika aka kira Kyari.

"A ina ka koyi wannan?"

"A wasan yaran nan, Baba. Ma'u ce ta fara koya min kula da zafi, na ƙi ji, na kife."

"Kai sau ɗaya ka kife ka ji. Ni shekara talatin ina fasa taya. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure saƙonta ya shigo: "Sarkin Taurin Kai, na taɓa ƙasa, yau daidai take. Taho a hankali."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.