Yaren Sajan Baba

"Khalas, Turai, na gaji!" Hamad ya faɗa daga bayan ƙofa, rabi Hausa rabi Larabci. "Abuki ba ya sona, bas!"

"Wallahi Baba yana sonka, masoyina. Cewa ya yi ka zo ka gaishe shi da Hausa tsantsa..."

"A Jidda aka haife ni! Ina zan samo ta?"

Ta ji tafiyarsa har ya sha kwanar lungunsu na Ammariyya. Ta juya cikin gida idanunta sun cika taf.

Mahaifinta Malam Rafi'u na kan tabarma yana shan shayi. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama a zamanin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya zo aikin Hajji bai koma ba.

"Baba, me ya yi maka? Yana salla, yana da sana'arsa ta tuƙi..."

"Zauna, Turai."

Ta zauna a gefen tabarmar.

"A Bama muna da wani saje Bature. Malamin makarantar ƙauye ne daga wani tsibiri a Sikotlan. Yarensu Galik, ba Turanci ba. Ya ce yana yaro ana dukansu in sun yi shi a aji, da ya zama malami sai ya riƙa koyar da yara da shi. Mu ma ya zaunar da mu a gindin gora ya koya mana karatu, mu kuma muka ba shi Hausa."

Ya ajiye kofin.

"Da harsashi ya same shi, a cinyata ya kwanta. Turanci ya gudu daga bakinsa, Hausa ma ta gudu. Yaren uwarsa kaɗai ya rage. Ya riƙe hannuna yana ta magana... Na ƙwala wa hafsanmu kira, Bature ɗan'uwansa. Ya saurara, ya girgiza kai. Shi ma bai ji ba."

"Me ya ce, Baba?"

Malam ya rufe ido. Sai wasu kalmomi suka fito daga bakinsa a hankali, masu taushi kamar ana lallashin jariri. Turai ta kasa kunne. Ba ta taɓa jin irinsu ba, ga shi mahaifinta na rera su tiryan-tiryan.

"Har yau ban san ma'anarsu ba," ya ce. "Ko wasiyya ce, ko sunan matarsa, Allah masani. Ba na so in mutu jikokina na tsaye a kaina suna girgiza kai."

Turai ta fashe da kuka.

Washegari ta aika ƙanwarta wurin Hamad da dukkan labarin. Hamad bai amsa ba. Ashe wurin kakarsa Dela ya koma a unguwar Bani Malik, tsohuwar da ta daɗe ba ta da abokin hira. Kullum ya taso aiki sai ya durƙusa gabanta tana gyara masa harshe.

Bayan aikin Hajji, Hamad ya dawo tare da kawunnansa. Turai na laɓe a bayan labule.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?" Gumi na tsatso masa. "Na zo... saboda Turai. Ina son shi."

Sai Malam ya kece da dariya har hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ta, ɗana. Ina son ta. Turai mace ce!"

"Ina son ta, Baba!"

"To, na ba ka."