Gidan Da Ba a Ƙirgawa

Si Larbi mai ƙidayar jama'a ya hau ƙauyen Ait Wazzar yana toshe hanci. Gida sha bakwai ne kacal, manne da dutse kamar sheƙar tsattsewa, amma sai bayan magariba ya gama rubuta su.

"Baba, wancan gidan mai fitila a can sama fa?"

Tsoho Hammu ya tofar da yawu. "Wannan ba a ƙirga shi, ɗan birni. Kakanninmu ma tsallake shi suke yi."

"Ku da awakinku hankalinku ɗaya," in ji Si Larbi, ya kama hawa. Hammu ya bi shi daga nesa, don ya ga ƙarshen ilimi.

Wata mata ce ta buɗe ƙofa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buso, ga murhu na ci amma babu ɗumi.

"Ku nawa ne a gidan, Lalla?" in ji Si Larbi, yana kiran ta da laƙabin girmama mata.

"Da mu shida ne." Ta riƙo hannun rigarsa. "Rubuta bakwai, ɗana."

Hammu ya ga alƙalamin ya tsaya cak. Sanyi na sa bakin Si Larbi tururi kamar tukunya. Ita kuwa tana ta dariya, bakinta ko ɗigon tururi babu.