Mai Tattaka Inabi

"Zuwaira, ajiye kwanon nan," in ji Yaya Lawali, ɗan wan babanmu. "Labarin nan ba na mai cin abinci ba ne."

Muka matso kan tabarma, ni da ƙanwar tawa. Ya yi ƙasa da murya.

"Shekarar da nake Aljeriya, a-kori-kura nake ja wa wani mai kifi. In yi lodi a bakin teku da safe, in ratsa gonakin inabi da rana, da yamma in hau duwatsu in sauke. Kullum tare muke da Mati, wani ɗan garinmu. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da shi, na tafi ni kaɗai.

"Lokacin tsinkar inabi ne. Masu yawon buɗe ido sai tsayawa suke suna ɗaukar hoto, wai ƙasa ta yi kyau. Da ma hoto na ɗaukar wari! Ɓawon inabin da aka matse jibge yake a gefen hanya, yana kumfa, ƙudaje sun rufe shi. Bayana kuma ƙanƙara na narkewa, ƙarnin kifi na biyo ni. Ni da giya ba ta taɓa shiga bakina ba, ga ni ina shaƙar tsaminta wuni guda.

"Da na fara hawan dutse, lagireto ya tafasa. Na juye masa ruwan jarkata, na ƙara da na buta. Rana ta yi ja, ban yi la'asar ba, kuma ba ni da ko ɗigo na alwala.

"Can sai ga wani tsohon gini, rufinsa ya rufta. Irin gidajen da Nasara ke tattaka inabi da ƙafa don yin giya a da. Na tsaya, na ce in yi taimama a gindin bangon. Na durƙusa ke nan, sai na ji an ce, 'Sannu da hanya, ɗan Damagaram.'"

"Da Hausa?" in ji Zuwaira.

"Da Hausa, tsantsa. Wani dattijo ne tsaye a bakin ƙofa, riga har ƙasa. Muryarsa kamar mai magana a cikin randa, tana ɓulɓul. Amma wata takwas ban ji harshenmu a bakin wani babba ba. Na cire takalmi na gaishe shi.

"Ya ce, 'Taimama ga ruwa? Karɓi.' Ya miƙo buta.

"Raina bai so ba. Butar duk yauƙi. To ta yaya zan dubi dattijo in ce ina ƙyamar ruwansa? Kunyar nan da aka rene mu da ita, ita ta cuce ni. Na sa hannu biyu na karɓa.

"Na zuba a tafina. Fari ne tas, sai dai da ɗumi. Ɗumi irin na jikin mutum. Na wanke hannu sau uku. Ina jin wani sauti, caɓal, caɓal, ban kula ba. Na kamfata na kai baki don in kurkure. Kaina na sunkuye, shi ne na ga ƙafafunsa."

Yaya Lawali ya juya ya tofar da yawu.

"Sun kumbura suntum, baƙi-baƙi, ja-ja. Fatar ta jiƙe tana saluɓewa. Ba farce ko ɗaya. Tsakanin yatsun ruɓaɓɓen inabi ne cunkushe, fararen tsutsotsi na shiga suna fita. Shi yana tsaye cik, su kuwa ƙafafun tattaki suke, dama, hagu, dama, hagu. Ruwa na tsatsafowa daga ƙarƙashinsu, yana bin wata 'yar kwata, yana zuba a randar da ya cika mini buta.

"Ruwan da ke bakina ya juye. Ya yi kauri, ya yi tsami, wani abu na motsi a kan harshena.

"Ya ce, 'Haɗiye, ɗana.'

"Na girgiza kai.

"Ya ce, 'Ni ma alwala na tsaya yi. Tun kafin a haifi kakanka nake tattaka. Na gaji. Haɗiye ka karɓe ni.'

"Ya cafke mini haɓa, ya danne leɓuna da babban yatsa. Hannun sanyi ƙalau. Ina so in yi a'uziyya, baki cike. Numfashi na neman ƙwacewa, maƙogwarona na son buɗewa da kansa. Ba ƙarfina ya cece ni ba, ƙyama ce. Amai ya taso tun daga ƙasa, ya ɓalle yatsan nasa. Na kwarara masa duka a kan ƙafafun. Ya yi wata ƙara, ya sake ni. Ban tsaya neman takalmi ba. Har na kai saman dutse ina goge harshe da hannun riga."

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce, "To ai ba ka haɗiye ba, Yaya."

Yaya Lawali ya dube ni.

"Haka na gaya wa Mati. Haka na gaya wa Inna." Ya ja numfashi. "Ɗigo ɗaya ya wuce, Nafi'u. Na ji saukarsa. Shekara shida ke nan, in lokacin tsinkar inabi ya zo, ba na shiga sahu. A gida nake salla, don ba wanda zai iya tsayawa kusa da ni. Ku dai, in Allah ya kai ku ƙasar nan, kada ku hau dutsen ku kaɗai. Kuma ruwan da ba ku ga inda aka ɗebo shi ba, ko wa ya miƙo, ku ce kun gode."

Zuwaira ta toshe hanci, ta ja da baya a hankali. Wani tsami ne ke tasowa daga tabarmar. Na haska fitila ƙasa. Yaya Lawali na zaune bai motsa ba, ya danne gwiwoyinsa da hannu biyu, amma dugadugansa na ɗagawa suna sauka, dama, hagu.

"Kashe fitilar nan," ya ce. "Ba ni na sa su ba."