Waya ta Biyar

Rana ta gama faɗuwa, ba a kunna fitilar tsakar gida ba tukuna. Mai-waya yana zaune a falo da kwamfuta a cinya, ya karkata allon zuwa bango don kada matarsa ta gani in ta wuce.

Sana'arsa ke nan, haɗa kwamfutocin ofisoshi da shaguna su riƙa jin juna. In ya shiga wurin da bai san na'urorinsa ba, kira iri biyu gare shi. Akwai na gayya, mai shiga kowace na'ura da ke kan layin, tana so ko ba ta so, yana tambaya: wa ke nan? Akwai kuma na rukuni, wanda sai na'urar da ta shiga rukunin da kanta take jin sa. Ran nan na gayya ya saki, a cikin gidansa kuwa, ya sa shi yana ta maimaita kansa.

Dalilin, wallahi, abin kunya ne. Kwanakin baya ya ji Maman Auta a sito tana dariya ƙasa-ƙasa, wata murya tana fita daga waya, alhali wayarta tana caji a falo. Mace ce ko namiji, bai tsaya ya ji ba. Maimakon ya buɗe baki ya tambayi matar da suka tsufa tare, sai gogan naka ya buɗe kwamfuta. Na'ura huɗu ya sani a gidan: tasa, wayar matar, wayar 'yarsu Auta, da talabijin. Ta biyar yake farauta.

Huɗun suka amsa. Ta biyar ma ta amsa. Sai ta shida. Sai ta bakwai. Amsoshi suka yi ta gangarowa a allo, ba suna ba lamba, har ya daina ƙirgawa. A nan dutsen farko ya sauka a kan rufin kwano.

"Yaran maƙwabta ne," in ji shi, ba wanda ya tambaye shi.

Ya kashe kwamfutar, ya rantse ya bari. Ina! Washegari da magariba Maman Auta tana shiga sito, hannunsa ya koma. Haka aka yi ta yi, yana kira ana jifa, duwatsun da ɗumi kamar an tsamo su daga murhu. Ya san shi ne sanadi, yana kallon matarsa tana bin kusurwoyi da addu'a, ya ja bakinsa ya yi gum. Har ran da Auta ta saki kwanukan da ta wanke, ta zube a ƙofar kicin, idanu sun kafe, tana faɗi da muryar wani tsoho: "Muna nan. Muna nan."

Kawun Auta, yayan matar, shi ya zo da malami, wani dattijo marar yawan magana. Aka kwantar da yarinyar a tabarma. Malam ya zauna wajen kanta ya soma karatu a hankali, gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Can jikinta ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai? Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Ni na kawo kaina?" in ji muryar. "Kiran mu aka yi. Mun riga su zama a gidan nan, ko cokalinsu ba mu taɓa ɗauka ba. Sai ga mutum kullum magariba yana kwarara kira ta cikin bango, ba sallama, wa ke nan, wa ke nan, jariranmu sun kasa barci. Mun amsa, bai daina ba. Mun yi jifa, bai daina ba."



"Me zai fitar da kai?" in ji Malam.

"Ya bar kiran gayya, ya kira wanda ya yarda a kira shi. Sannan ya faɗa da bakinsa wa yake nema."

"Na farkon an ba ka. Na biyun ba haƙƙinka ba ne."

"To, na zauna ke nan."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Auta ta sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, numfashinta yana fita da ƙyar. Uban ya dubi 'yarsa, ya dubi surukinsa, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Malam, dakata," ya ce, kansa a sunkuye. "Maman Auta nake bibiya. Na zaci tana da wata waya a ɓoye. Na zaci... da wani take magana."

Kawu ya yi salati. Matar ta tashi ta shiga sito, ta fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, naɗe a ɗankwali. Nan take ya gane ta. Ta mahaifiyarta ce, marigayiya, shi da hannunsa ya haɗa ta da layin gidan lokacin da tsohuwar take jinya a wurinsu. Ta danna wani tsohon saƙon murya, muryar marigayiyar ta fito da 'yar dariyarta:

"'Yar nan, kin ci abinci kuwa, ko kina nan kina ramar gayu? Ki gaishe min da mijinki. Ki riƙe shi da kyau, mutumin kirki ne."

Kawu ya juya fuskarsa bango.

"Mu a siton muke, kullum muna jin ta," in ji muryar da ke bakin Auta, ta yi laushi. "Mun tafi."

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta tambaya me ya sa kowa ya yi shiru.

Jifa ya ɗauke tun daga ranar. Mai-waya ya goge kiran gayya, ya buɗe rukuni, ya ce duk mai so ya shiga. Auta ta sa wayarta. Da magariba ya aika kiran, tata kaɗai ta amsa.

"Baba, Mama ta ce ba za ta shiga ba," in ji Auta. "Wai in kana neman ta, tana sito, kuma kana da ƙafa."

Ya ajiye kwamfutar, ya taka har bakin ƙofar siton, ya tsaya kamar baƙo, ya yi sallama. Yana jin numfashinta a ciki. Ya sake yin sallama, ya ci gaba da jira.